Gahawar Abu Saƙar

Lahadi, 7 ga Fabrairu

Magana ta tabbata. Sabuwar dokar da ke gaban majalisa a Amman za ta shafe mazaɓarmu ta Tsohuwar Kasuwa, a haɗe mu da sauran gari. Mu dubu goma sha ɗaya cikin mutum dubu ɗari uku. Wa zai ƙara hawo tudun nan neman ƙuri'a?

Na buɗe littafina na zaɓe. 2003, shekarar da aka yanka mana mazaɓar, ɗan majalisarmu Abu Saƙar ya ci da ratar ƙuri'a 212. 2007 wani likitan haƙori ya kayar da shi da 90. 2010 ya dawo da 41 kacal, ranar da na ɗauko gwaggona a kan kujera ta je ta jefa. 2013, 640. Duka huɗun ni ne wakilinsa a rumfar zaɓe ta makarantar 'yan mata. Na ce wa dattawa mu je mu same shi, ba zai kunyata ni ba.

Juma'a, 12 ga Fabrairu

Mu talatin muka je gidansa bayan an sauko daga masallaci. Aka zuba wa Ammi Falah gahawa, shi ne babba a unguwa. Ya karɓa ya ajiye a kan tebur bai kurɓa ba.

Abu Saƙar ya yi dariya. "Ammi, ɗaci ta yi maka?"

"Ɗacinta daidai ne. Buƙata ce ta kawo mu, ba za mu sha ba sai ta biya."

Da aka gama bayani ya dafa ƙirji. "Ku sha gahawarku! Muddin ina zaune a majalisar nan, hannuna ba zai ɗagu a kan dokar ba."

Ammi Falah ya waiwayo ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya shanye. An ci mansaf, shinkafa da naman rago, na ci har na ji kunya.

Talata, 23 ga Fabrairu

Doka ta wuce. Na kalla a talabijin ɗin shago. Ga Abu Saƙar a layi na biyu, hannun dama, a sama. Na ce ko kansa yake sosawa. Sau uku aka maimaita hoton.

Alhamis, 25 ga Fabrairu

Wajen aski, Zuhdi mai aski yana riƙe da haɓata: "Abu Lais, gahawar nan ta maigidanka, da ruwan wanki aka dafa ta?" Shago ya ɗauki dariya. Ban iya ko juya kai ba, reza a wuya.

Ammi Falah bai yi faɗa ba. Gara ya yi. A bakin masallaci ya ce, "Ɗana, kai na duba kafin na sha." Ya saka takalminsa ya tafi.

Asabar, 12 ga Maris

Na kira Abu Saƙar sau huɗu, ba a ɗauka. Wataƙila matsa masa aka yi. Wataƙila ni ne ban fahimci dokar ba, iyakata sakandare. Amma an ce 'yan kasuwar sababbin unguwanni sun ba shi gurbi a jerin 'yan takararsu tun watan Janairu. Janairu. Kafin mu je ke nan.

Juma'a, 5 ga Agusta

Abu Saƙar ya zo gidana da kansa. Wata shida babu ko sallama. Matata Intisar ta miƙo min butar gahawa ta bayan ƙofa tana cewa a hankali, "Ka zuba masa, baƙo ne. Amma bakinka naka ne."

Na zuba. Ya ajiye a kan tebur.

"Abu Lais, ɗan'uwana, ba zan sha ba sai ka ce to." Littafin yake so: gida-gida, wa ke jin maganar wa, wace tsohuwa ke buƙatar mota. Da kuma ni, a rumfa.

Na shirya maganganu tun Fabrairu, har na rubuta su. Ko ɗaya ba ta fito ba. Na dubi kofin yana hucewa, na ji bakina ya ce, "Sha gahawarka."

Ya sha, ya sumbaci kumatuna biyu.

Litinin, 15 ga Agusta

Ya aiko direba. Na ce littafin yana wajen mai ɗinka bango.

Laraba, 31 ga Agusta

Direba kuma. Na ce ba a gama ba. Littafin kuwa yana nan a ƙarƙashin katifa.

Talata, 20 ga Satumba

Ranar zaɓe. Na tashi da wuri bisa sabo, na goge riga, sannan na zauna. Waya ta yi ta ƙara har azahar. Sau goma sha bakwai, na ƙirga.

Da la'asar na je na jefa tawa. Ba zan rubuta wa na ba ba. Kujerar wakilinsa a rumfar babu kowa.

Ina jira in ji kunya, ba ta zo ba tukuna. Na yi alkawari a kan gahawa a cikin gidana, na karya. Da ina tsammanin abu ne mai wuyar gaske.

Intisar ta dafa kuɓewa da naman rago. Na ƙara.