Iccen Bature a Zungeru

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa zuwa ga Yaya Maigandi. Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da mutanen Gidan Dare duka. Yaya iyalina Sadiyatu take, da jaririyar da ban gani ba?

Ni lafiya lau nake, abinci bai yanke ba. Sai dai zancen dawowata ya tsaya. Baturen da nake yi wa aikin lambu ya sa an kawo masa dashen wani icce na ƙasarsu, mai baƙaƙen ɗiya ƙanana kamar ɗinya. Iri uku sunka zo. Ya ce in zaɓi wanda za a ba inuwar da ke bayan gidansa, kuma ranar da ya ci ɗiyansa zai sallame ni.

Na zaɓi mai ƙaya, Yaya, don a wajenmu mai ƙaya ne ke jure rana, kamar magarya. Ashe ƙayar ƙasarsu ba ta san bazara ba. Biyun da na bari a rana sun riga shi mutuwa, wanga kuma na kankare bayansa jiya, ban ga ɗanye ba. Har yanzu ina ba shi ruwa safe da yamma, Bature na leƙowa ta taga.

Ka ba Dodo garkata ta fadama ya noma, kada ta zauna banza. Inna ta sa ni a addu'a in ta je Hubbare.

In yarinyar ta fara magana, ku koya mata sunana.

Ƙanenka,
Siddiƙu