Ƙasar Bakin Kwalbati

Talata Mafara

Labbo, ƙasar gonata za ta shiga jami'a! Gafara dai, na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya mutanen Maradun?

Jikata Hadizatu, ɗiyar Sirajo, ita ta aiko. Ta ce cikin ƙasa akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, sunansu bakteriya, akwai kuma wasu da suka fi su ƙanƙanta masu cinye su, ana ce musu faj. Aikinta na ajin ƙarshe shi ne ta kamo guda. In ba ta samu ba, sai ta maimaita shekara.

Na ɗebo daga gonar shinkafata ta wajen Bakura, wadda aka ba mu bayan ruwan dam ya ci ta gado. Na gyara ta sosai, na ba direba. Hadizatu wai in riƙa bugo mata waya. Wanda ya koyi riƙe biro da furfura a ajin yamma zai bari ya bushe?

Ka huta lafiya.
Balarabe

Ɗakin gwaji, jami'a

Tsohon mijina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya.

Ba a samu komai ba. Ga yadda ake yi: ina shuka bakteriya a faranti har su rufe shi kamar yanar kunu, sai in ɗiga ruwan ƙasar da na tace. In akwai faj, za a ga ƙananan ramuka garai-garai inda suka ci. Faranti goma sha biyu na yi, ko rami ɗaya. Saura mako uku a rufe karɓar aiki.

Amma Kaka, ban taɓa ganin ƙasa mai laushi da tsabta haka ba. Malamarmu ta ɗauka garin kunu ne. Don Allah me ka yi mata?

Taka,
Hadizatu

Talata Mafara

Amaryata, na ga takardarki, abinci ya ƙi shiga.

Laifina ne. Na tsince ciyawa da saiwa, na shanya ta kwana uku bisa kwanon ɗaki, aka daka, kakarki Baturiya ta tankaɗe da rariya. Mu nan ko shinkafa ba a aika wa mutum da danshi, balle abin da malamai za su buɗe. Ashe na gasa miki su.

Wanga karon daga bakin kwalbati na ɗebo, inda ruwan kanal na ban-ruwa ke yoyo, shanu na tattakawa. Wari gare ta, ban taɓa ta ba. Na naɗe ta cikin ganye da jiƙaƙƙen buhu kamar huhun goro, na ce wa direba ya yayyafa ruwa in ya tsaya salla. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya karɓa.

Tambaya ɗaya: su masu cin nan, wa ke cin su? Kuma in sun cinye, barci suke yi?

Allah ya ba da sa'a.
Kakanki

Talata Mafara

Labbo, salamu alaikum. An samu!

Ramuka arba'in da bakwai a faranti ɗaya. Hadizatu ta ɗauki guda ta yi ta sake shukawa har ta ware iri ɗaya tak, ta gwada shi da zafi, ya fi na abokan karatunta juriya. Ta ce kai gare shi da wutsiya kamar talibambam. An karɓi aikinta jiya. Tambayata kuwa, malamarsu ta ce ita ma ba ta gama sani ba.

Na kewaye bakin kwalbatin da na ɗebo ƙasar da ƙaya. Ranar Talata in an tashi kasuwa, ka taho da abokinmu Mamuda da duk wanda ya samu mota, mu tafi tare. Hadizatu ta ce ba abin da ido zai gani sai taɓo. Ku dai zo ku gani.

Naka,
Balarabe