Yafiyar da Alhaji Salisu Ya Zo Nema

Ƙofar Jatau, Zariya
4 ga Zulƙida

Zuwa ga Yayana Ya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Tayyiba da yara. Ka yi haƙuri da munin rubutun nan, da hagu nake yi. Na zaɓi takarda ne domin a waya nauyinka nake ji, sai in kasa gama magana.

Saƙonka ya iso, cewa in haƙura, ciwo daga Allah yake. Ban taɓa musun haka ba. Amma shekara goma sha ɗaya na yi a kan benci guda a kamfanin Alhaji Salisu, ina ɗinke bakin buhunan masara da basilla, tun safe har la'asar. Yanzu yatsu uku na hannun damana ba sa ji. Buta tana suɓuce mini wajen alwala, a tahiya kuma ba na iya ɗaga manuniya. Likita ya rubuta cewa jijiyar wuyan hannu ce ta lalace saboda maimaita aiki ɗaya, kuma doka ta ba ma'aikaci irina haƙƙin magani da diyya. Abin da nake nema kawai Alhaji ya sa hannu a takardar da ke shaida cewa a wurin aikinsa na samu ciwon. Ya ƙi. Manajansa ya ce daka da wankin gida ne suka jawo mini.

Shekaranjiya ya aiko da buhun masara, wai sadaka. Na duba bakinsa, na gane ɗinkina ne, ga shi ko kwance shi ba zan iya ba. Na sa an mayar masa.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Asama'u

15 ga Zulƙida

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Na san labari zai riga wasiƙar nan zuwa, shi ya sa nake so ka ji daga bakina.

Alhaji Salisu zai tafi aikin Hajji bana, yana bin gidaje yana sallama da neman yafiya, kamar yadda aka saba. Jiya bayan azahar ya zo zaurenmu tare da limamin unguwa. Daga bayan ƙofa na amsa gaisuwarsu. Alhaji ya roƙi in yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, da sigar da kowa yake faɗa, yana jiran amsar da kowa yake bayarwa. Na ce masa wanda bai sani ba na yafe har ga Allah. Wanda ya sani kuwa yana rubuce a takarda, ga ta, ga alƙalami.

Liman ya tunatar da ni falalar mai yafiya, na ce gaskiya ne, na kuma tambaye shi ko haƙƙin mutum yana faɗuwa da tafiya Makka. Bai ce yana faɗuwa ba. Alhaji ya tashi bai karɓi takardar ba.

Tun daga lokacin nake tuhumar zuciyata. Ko girman kai ne ya saka rigar gaskiya? Ko daɗi na ji da na ga babban mutum ya rasa ta cewa? Na ji ɗan daɗin, ba zan ɓoye maka ba, kuma na yi istigfari a kansa. Amma da na ce na yafe, da ƙarya na yi masa yana shirin saka harami, kuma da na yarda cewa turmina ne ya kashe mini hannu.

Allah ya bar zumunci.

Asama'u

27 ga Zulƙida

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya. Alhaji ya tashi ranar Asabar bai sa hannu ba. Ina yi masa addu'ar Allah ya karɓi ibadarsa, ya dawo da shi lafiya, kuma da gaske nake yi. Maƙwabta biyu sun daina shigo mini, wai na tura mahajjaci da nauyi a wuya. Shi ya ɗauki nauyinsa, alƙalami kuwa yana kusa da shi.

Likita ya ce ma'aikaci yana iya kai takardunsa da kansa ofishin diyya da ke Kaduna, su kuma su nemi kamfanin. Don haka ranar Litinin zan shigo Kaduna da motar farko. Ban taɓa shiga ofishin gwamnati ba, kuma ina jin tsoro. Ina so ka tarye ni a tasha, ka raka ni. Idan kuma kana jin kunyar a gan ka tare da ni a kan wannan magana, ba zan riƙe ka ba. Ka aiko mini da kwatancen wurin kawai.

Ƙanwarka har kullum,
Asama'u