Safar Hannun Ɗaukar Hoto

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ƙafar ta daina kumburi? Ki gaishe min da Kawu da yaran gida. Ni lafiya lau, aiki sai godiya.

Wai hulɗa da jama'a kike so ki karanta a jami'a? Duk ƙwaƙwalwar nan taki, abin da kika hango ke nan?

Muna da mai irin wannan digirin a masana'antarmu, kullum cikin ƙwas-ƙwas da yaƙe. Da injin yankan kwali ya kama hannun wani, ko asibiti ba ta leƙa ba. Ranar da ya dawo aiki sai ga ta da mai ɗaukar hoto da sababbin safar hannu. Aka raba mana, aka jera mu gaban injin, ta ce, "Ku yi dariya mana!" Mai ciwon kuwa ta ce ya ɓoye hannun a bayansa. Ana gama hoto ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta karɓe safarta. Tir! Wannan ne za ki ɓata shekaru kina koyo?

Kada karkacewar rubutuna ta dame ki, da hagu nake yi, na ɗan lokaci ne. Kada Inna ta ji. Ki ce mata ina nan garau, har na yi ƙiba.

Kin gani? Aikin ke nan gaba ɗaya, na koya miki kyauta. Ki nemi wani karatun.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki.