Abin da Kuka Yanke Daga Hirar Citta

Zuwa ga Manajan gidan rediyon da ke watsa shirin lafiya na ranar Asabar a Kafanchan.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan alheri.

An kwantar da matata, Saratu, a asibiti a Jos ranar Litinin. Likita ya ce sankarar da ke mamanta ta kai hammata.

Na ɗaya. Da damina kun yi hira da wata malamar jami'a mai binciken sinadaran citta. Ta ce wasunsu sun kashe ƙwayoyin sankara. Iyakar abin da muka ji ke nan. Daga baya na nemi lambarta na kira ta. Ta tabbatar mini ta yi bayani a hirar cewa a kwanon gwaji aka ga haka, ba a jikin mutum ba, har ta gargaɗi marasa lafiya kada su bar asibiti. Na yi aikin jarida, na san ana rage hira saboda lokaci. Amma ba a yanke gargaɗi a bar albishir.

Na biyu. Garin nan garin citta ne. Matan zumunta na cocinmu, kamar yadda suka saba yi wa mara lafiya, suka riƙa zuwa rukuni-rukuni, kowacce da ƙullin cittarta. Shugabarsu ta ce wa Saratu ai maganin yana gonarta, rediyo ma ya faɗa. Saratu ta daina zuwa karɓar maganin da ake ƙara mata ta jijiya, wanda dama yake wahalar da ita. Da na matsa ta koma asibiti, aka ce boko ya cinye mini bangaskiya. Tun ranar babu wadda ta sake tako ƙofarmu.

Ban raina binciken ba. Akwai magungunan sankara da asalinsu tsirrai ne, amma sai da aka yi shekaru ana gwada su.

Yanzu ni kaɗai ne a gidan. Cittar da Saratu ta shanya tana nan a kan buhu, na kasa kwashewa.

Roƙona: ku sake sa hirar cikakkiya, a daidai lokacin da kuka sa ta da farko, da Hausa da harsunanmu na gida. Akwai wata a layinmu da ita ma ta daina zuwa asibiti.

Allah ya yi maka jagora, ya kiyaye iyalinka.

An ɗauki hoton huhun Saratu ranar Laraba. Sakamakon bai fito ba tukuna.

Wassalam.

Mijin Saratu, Kafanchan.