Gwiwar da Nake Taka Kuloci da Ita Ce Ta Kumbura

Kaka, ranki ya daɗe, ki taimake ni da shawara, don na rasa inda zan sa kaina. Ni direban babbar mota ne a wani kamfanin jigilar kaya. Da sitiyarin nan na yi aure, da shi nake ciyar da yarana da mahaifiyata.

Kamfaninmu yana da likitan da ke duba direbobi duk shekara. Bana da ya ɗaura min abin awon jini a dantse, sai na ga ya kwance ya sake ɗaurawa. Ya ce jinina ya hau sosai, nauyina ma ya wuce misali. Ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri da maiƙo, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan 'yan watanni. In bai sauka ba, ba zai sa hannu in ci gaba da jan mota ba, don irina a kan titi haɗari ne ga kowa. Ban ga laifinsa ba.

Kaka, ni fa a da ɗan ƙwallo ne. A unguwarmu har yau akwai masu ce min Walƙiya, ko da yake yanzu da dariya suke faɗa, don tumbina har gogar sitiyari yake. Da aka ce motsa jiki, ban yi wata-wata ba, na sayi takalmin kambas na koma filin da na saba. Samarin wurin suka karɓe ni hannu bibbiyu, suna ta ce min Baba. Wannan Baban ne ya tsaya min a rai, na ce sai na nuna musu. Da farko na ji daɗi, ina dawowa jiƙe da gumi, har wandona ya fara yi min yawa. Ran nan na bi ƙwallo na juya, sai na ji gwiwata ta hagu ta ce ƙas. Kafin in kai gida ta kumbura suntum.

Ita ce kuwa ƙafar kuloci. Wanda bai taɓa jan mota da lodi a cunkoso ba, ba zai gane ba, kowane taku kamar ana buga min ƙusa. Ina naɗe ta da bandeji a ƙarƙashin wando, in na shiga harabar kamfani in cije in miƙe tafiyata, kada wani ya ga ɗingishi ya kai maganar gaba.

Ga inda na maƙale. In na koma gudu, gwiwa ta ƙarasa, aiki ya tafi. In na zauna, jini ba zai sauka ba, aiki ya tafi. Gaba kura, baya siyaki. Rayuwata ta koma daga kujerar mota zuwa kujerar falo. Wani lokaci in wuni a layi a bakin sito ina jiran a sauke kaya, gilashi a gabana, ƙarfe a bayana, ina cin soye-soye da lemon kwalba don haushi. Abin da na rage duk ya dawo har da ƙari. Maganin ma ina sha ina bari, don yana sa ni yawan fitsari, kuma ba ko'ina ake tsayar da babbar mota ba.

Uwar yarana ba ta san maganar likita ba. A ganinta tsufa ne na ƙi yarda da shi, ko kuma wata nake yi wa gyaran jiki. Ta ɓoye kambas ɗin. In na rage abinci ta ɓata rai, wai girkinta ne ya gundure ni. Na kasa faɗa mata, don tana da saurin tashin hankali, ga mahaifiyata a ɗakin kusa, komai a kunnenta. Wani abokin aikina ya ce in riƙa tafiyar ƙafa kawai. Kaka, ni da aka sani da gudu, in riƙa zagaya unguwa saɓaɓa-saɓaɓa kamar wanda aka sallamo daga asibiti? Ranar komawa wurin likita tana matsowa, ni kuma ko marmarin tashi ba na yi. Yaya zan yi?

Direban da ya maƙale

Amsar Kaka

Angona, sannu da jiki. Wato ni ina nan na ci kwalliya ina jiran ka zo ka ɗauke ni a gaban mota, ashe kana can kana tsere da sa'annin 'ya'yanka. An ce maka Baba ka ji haushi. To da wannan tumbin me kake so su ce maka, Auta?

Ban yi boko mai zurfi ba, tuƙi ma ban iya ba, amma na sha zama kusa da direba. Ban taɓa ganin wanda ya tada mota da lodi ya jefa ta giyar ƙarshe ba. Kai ka fi ni sani. Niyyarka mai kyau ce, da yawa likita zai yi musu magana su kaɗe riga su manta, kai ka tashi. Girman kai ne kawai ya karɓe maka sitiyari.

Shekarun baya santsi ya kwashe ni a banɗaki, ƙugu ya tsage. Da aka ce in fara takawa, kujerar roba aka ba ni ina turawa daga gado zuwa ƙofa. Jikokina ja'irai suka samu abin kallo, suna yi min hon da baki, suna tambaya ko akwai wurin fasinja. Na ce su sha dariyarsu, motata ce. Maƙwabciyata da ta faɗi kusan lokaci ɗaya da ni, ita cewa ta yi ba za ta tura kujera a gaban surukai ba. Yau ni nake zuwa gaishe ta da ƙafata, ita kuwa sai an ɗaga ta.

Ka kai gwiwar nan asibiti a duba, bandeji ba likita ba ne. Na san tsoronka, ba a wasa da abincin iyali. Amma ƙafar da za ta iya ƙi maka a tsakiyar titi ba abin ɓoyewa ba ce, akwai 'ya'yan mutane a gabanka. Gara ka nemi hutun jinya na ɗan lokaci da bakinka, da a gano ka. Maganar fitsari kuma, faɗa wa likitan ƙarara. Su suka san yadda za su canja maganin ko lokacin shansa. Sha ka bari ɗin nan ya fi tumbin ba ni tsoro.

In an ba ka izinin takawa, layin siton nan da kake kuka da shi ai fili ne kyauta. Sauko ka zagaya motarka a hankali, ka sake zagayawa. Kowa zai ɗauka tayoyi kake dubawa, mutuncinka ya tsira. Lemon kwalba kuma ruwa ya gaje shi. Ranar da kasala ta kayar da kai, washegari ka tashi ka ɗora, ba a sayar da mota don taya ta yi faci.

Sai baiwar Allah da ke gidanka. Ta ga miji ya sayi sabon takalmi, yana ture kwano, yana fita ba bayani. Ni ce da ba ɓoyewa zan yi ba, rijiya zan jefa. Zarginta ba daidai ba ne, amma kai ka bar ta a duhu. Cokalin da ke auna gishirin gidan a hannunta yake, ba za ka sauke jini a bayan idonta ba. Ka ce tana da saurin tashin hankali. Gara ta ji yau daga bakinka, da ta ji ranar da ka dawo an karɓe makulli. Mahaifiyarka in ta jiyo, ta jiyo, addu'a ka samu.

Kafin ka sake hawa motar nan, zaunar da uwar yaranka ka faɗa mata duk abin da likita ya ce, ba ragi. Sannan ku tafi asibitin tare, ta fi ka riƙe abin da za a faɗa, kuma ba za ta bari ka ce da sauƙi alhali babu ba.

Allah ya sauke kumburi, ya sauke jini, ya tsare hanya, ya bar ka a kan abincinka.

Kakarku