Katako Nasa, Ƙasa Tawa

Litinin, 10 ga Yuli

Na dawo daga kai mazarƙwailar kwakwa kasuwa, na tarar da maza uku a tsakiyar gidanmu, ɗaya bisa tsani yana rubuta lamba da alli a jikin azara. Ko takalmi ba su cire ba. Yayana Mas Sarjo ne ke riƙe musu tsanin. Na ce lafiya? Ya ce, "Dubawa kawai suke yi, Tum, ɗora musu shayi." Ban ɗora ba.

Ginshiƙai huɗun nan na tsakiya sun zama 1, 2, 3, 4. Allah ya taimake ni Simbok, mahaifiyarmu, tana barci. Shekara shida ke nan da idonta ya tafi, amma kunnenta ras yake.

Laraba, 12 ga Yuli

Mas Sarjo ya fito da maganar fili. Wani Pak Handoko, mai otal ɗin da ake ginawa a kan tudu, shi ke son gidan. Ba filin ba, gidan. Za su kwance shi katako-katako, su haɗa shi can, 'yan yawon buɗe ido su riƙa cin abinci a ciki suna kallon gonakin shinkafarmu. Shi kuma Mas Sarjo mota jif yake so, irin wadda ake kai baƙi gindin dutse da ita. Kowane magidanci a ƙauyen nan ya zama direba, shi kaɗai ya rage a gona, abin na cin sa.

Ya ce, "Ko kin manta maganar Baba? Katako na Sarjo, ƙasa ta Tumirah."

Ban manta ba. Ni na riƙe wa Baba kofin ruwa ranar da ya yi wasiyyar, dab da rasuwarsa. Na ɗauka tsoho ne kawai yake so kowa ya ji an bar masa wani abu. Har murna na yi a raina, wai na fi shi rabo. Wauta!

Na ce to Simbok fa? Wai zai gina mana na bulo a filin nawa, da banɗaki a ciki. Shi da ke zuwa sau ɗaya a mako da ayaba a leda, ina ya san yadda take tafiya? Daga gadonta taku biyar ta dafa ginshiƙi na farko, ta bi zuwa na biyu, ta karkata madafa. Na uku hanyar rijiya. Na huɗu akwai ƙusar da Baba ke rataye hularsa, kullum sai ta shafa ta. Da gidan nan take gani.

Juma'a, 14 ga Yuli

Na je wurin dagaci. Ya ba ni kujera, ya ba ni shayi, ya ba ni gaskiya, ya kuma ba Mas Sarjo gaskiya. "Gidan katako ai kaya ne, Mbak Tum, ana ɗagawa. Filinki babu mai taɓawa." Gidan mahaifinsa ma tun bara aka sayar, ya tafi tsibirin Bali, shi zai hana?

Talata, 18 ga Yuli

Gobe watan Suro, farkon shekararmu ta gargajiya, zai kama! Yadda aka yi ban tuna ba tun farko, ban sani ba. Babu kafintan da zai zare ƙusa ɗaya daga gida a cikin Suro, ko an ɗora masa wuƙa. Na faɗa wa Mas Sarjo a gaban matarsa. Ya ce camfi ne, amma shi ma ya san ba kafintan da zai yarda. Ina da wata guda. Zai huce.

Alhamis, 20 ga Yuli

Na goge lambobin da jiƙaƙƙen tsumma, duk inda hannuna ya kai.

Asabar, 22 ga Yuli

Sun dawo sun sake rubutawa. Na gaya wa Simbok masu maganin gara ne.

Lahadi, 6 ga Agusta

Kwana nawa ban rubuta komai ba. Abinci ba ya wuce mini. Tukunya biyu na ƙona a makon nan, ni da nake dafa mazarƙwaila tun ban kai tsawon murhu ba.

Yau na ga jif a ƙofar Mas Sarjo. Koriya. Yana wanke ta da hannunsa yana waƙa. Ashe tun kafin allin farko ya gama cinikinsa. Ni ina nan ina lissafin kwanakin Suro, ina jiran ya huce, gida kuwa tuni ya zama na wani. Na tsaya a hanya na ce, "Mas, rufin kan uwarka ke nan kake wankewa." Bai ɗago ba. Ya ce, "Shekarata hamsin, Tum. Ban taɓa mallakar abin da ke tafiya ba."

Na tsane shi. Na kuma ji tausayinsa, wannan ya fi ba ni haushi.

Laraba, 9 ga Agusta

Ina taje wa Simbok kai ta miƙo mini tafin hannunta, fari fat da alli.

"Nduk, 'yata, maganin gara ba ya da lamba. Tun ranar farko na ji tsani."

Na fashe da kuka kamar yarinya. Ita ko gezau. Ta ce gidan nan ba a nan aka haife shi ba. Daga ƙauyen mahaifinta ya zo lokacin aurenta, maza arba'in suka ɗauko shi a kafaɗa, suka ƙetare rafi da shi. Ban taɓa ji ba. "Ya taɓa tafiya, zai sake. Kar ki yi faɗa da ɗan'uwanki a kan itace."

Sai can, a hankali: "Amma ni da me zan dafa?"

Litinin, 21 ga Agusta

Suro ya fita. Kwana biyu kacal suka yi suka kwance gidan. Na kai Simbok gidan maƙwabta, na dawo na tsaya a kan ƙasata. Tawa ce kam. Duwatsu huɗun da ginshiƙan suka zauna a kai ne kawai suka rage, su ma wai gobe za a zo a ɗauka.

Talata, 26 ga Satumba

Mun shiga gidan bulo. Mas Sarjo ya cika alkawari, ba zan yi masa ƙarya ba. Bango sumul, ba abin kamawa. Sau uku Simbok ta buga goshi yau. Na ɗaura mata igiya daga gado zuwa banɗaki, ta ce ita ba akuya ba ce.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Simbok ta daina tashi. Tana zaune bakin gado, hannu a cinya. Shinkafa cokali uku.

Asabar, 21 ga Oktoba

Pak Handoko ya aiko, wai suna neman mai dafa mazarƙwaila a gaban baƙi, da murhun itace, "irin na da". Na ce wa ɗan aiken ni ba abin kallo ba ce.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Na kai Simbok wurin gidanmu, can otal. Ita ta roƙa, sau biyu. Mas Sarjo ya ɗauke mu a jif, muka hau tudun.

Sun goge gidan da mai, yana ta sheƙi, an cika shi da tebura. Na sa hannunta a ginshiƙi na farko. Sai ta ture ni. Ta miƙe, ta tafi, ba lalube, ta ratsa tsakanin Turawa da cokulansu, na biyu, na uku, na huɗu. Ta ɗaga hannu. Ƙusar tana nan.

Wata ma'aikaciya ta matso da murmushi: "Kaka, a yi haƙuri, ba a taɓa katakon, tsohon abu ne mai daraja."

Mas Sarjo ne ya amsa, ba ni ba. Ya ce, "Ƙyale ta. Ta girmi ƙusar."

A hanyar dawowa ya tsayar da motar, wai inji ya yi zafi. Inji lafiyarsa lau.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na karɓi aikin Pak Handoko, mako guda ke nan ina dafawa a kan tudu. Sharaɗina ɗaya ne, kuma sun yarda: tabarmar Simbok a gindin ginshiƙi na huɗu. Tana cinye kwanonta. Baƙi na ɗaukar ta hoto, sun ɗauka otal ne ya ajiye ta, ni kuwa ina juya tukunya ina cije leɓe.

Don ita nake zuwa, ba don komai ba. Mas Sarjo ke kai mu ƙarfe shida. Yau da safe na zuba shayi kofi uku, har da nasa, sai da na kai tebur na lura.